Ƙungiyar da Kaka Ya Bari

A gidanmu mu huɗu ne masu kallon ƙwallo, kuma kowa da tutarsa. Baba ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu. Yayana na Manchester United, ni ina Real Madrid. Autanmu, wanda bai cika shekara goma sha biyu ba, ya yi shekara biyu a Manchester City, amma a hutun da ya wuce na ji yana tambayar kuɗin rigar Liverpool a kasuwa. Babu wanda ya karɓi ƙungiyarsa daga hannun wani. Kowa ya buɗe ido ne ya ga wadda ke tashe a talabijin a zamaninsa, ya ce ita ce tasa. Na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi haka gidajensu suke, kuma in ka leƙa gidan kallo a Tudun Wada ko Samaru ranar Asabar, labarin ɗaya ne.

Akwai wasu mutane da nasu ƙwallon ba haka yake ba, kuma kusan shekara uku ke nan ina bibiyarsu ta waya. Su ne magoya bayan ƙananan ƙungiyoyin Sikotland, ƙasar da ke arewa da Ingila a cikin Birtaniya.

Wanda ya kai ni can ɗan garinmu ne, Efe Ambrose. A Kaduna aka haife shi, ya buga wa Kaduna United, ya tafi Isra'ila, a 2012 kuma Celtic ta ɗauke shi. A watan Nuwamban shekarar yana cikin 'yan bayan da suka tsaya a gaban Messi ranar da Celtic ta doke Barcelona da ci 2-1 a gasar Zakarun Turai. Bayan wata uku ya ɗaga Kofin Afirka tare da Super Eagles. Ina firamare a lokacin, abin da na fi riƙewa shi ne alkafurar da yake yi in ya ci ƙwallo, da yadda manyan layinmu ke bugun ƙirji suna cewa ai namu ne.

Da ya bar Celtic a 2017 sai ya koma Hibernian, ya ɗan leƙa Derby a Ingila, ya dawo Sikotland. Daga nan ya riƙa saukowa kamar mai sauka daga bene: Livingston, St Johnstone, Dunfermline, Greenock Morton, Queen of the South. Manyan layinmu sun daɗe da daina ambatonsa. Ni dai son jin ƙwaƙwaf ya sa na ci gaba da neman gajerun bidiyon wasanninsa in na sami data. Sannu a hankali sai idona ya bar kansa ya koma kan mutanen da ke bayansa. Mutumin da ya saba buga wasa a gaban 'yan kallo dubu sittin a filin Celtic, ga shi yanzu a wani tsohon fili mai suna Cappielow a garin Greenock, 'yan kallo ba su wuce dubu biyu ba, ana tsuga ruwa. A cikinsu za ka hangi tsoho da hular sanyi, ya naɗa gyalen ƙungiya mai shuɗi da fari a wuya, kusa da shi ga wani magidanci da irin gyalen, a gabansu ga ɗan yaro da nasa ƙarami, ya ɗora haɓa a kan ƙarfen shinge. Ba sai an gaya maka ba, kaka ne da ɗa da jika.

Don a fahimci abin mamakin da ke cikin wannan, sai an san yadda ƙwallon ƙasar yake. Mutanen Sikotland ba su kai miliyan shida ba, amma suna da ƙungiyoyi 42 a manyan rukunai huɗu, ban da tarin waɗanda ke ƙasa da su. Biyu ne kawai ke cin kasuwarsu, Celtic da Rangers, dukansu a birnin Glasgow. Kowacce ta lashe gasar ƙasar fiye da sau 50. Tun da Aberdeen ta ci a 1985 aka yi shekara arba'in cur kofin bai fita daga hannun waɗannan biyun ba. Yaron da aka haifa a gidan magoya bayan Morton ko Brechin ko Arbroath ya san tun yana ƙarami cewa zai iya tsufa ya mutu bai ga ƙungiyarsa ta zama zakara ba. Kuma ba wai Glasgow ta yi masa nisa ba. Daga Greenock tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Kowace Asabar motocin safa na tashi daga ƙananan garuruwa cike da masu zuwa kallon Celtic ko Rangers, su wuce ta gefen filin garinsu ko waiwaye babu.

To me ya hana wancan yaron shiga motar?

Amsar da na fi gamsuwa da ita, bayan na saurari hirarrakinsu da dama, ita ce babu wanda ya taɓa tambayarsa wace ƙungiya yake so. An kama hannunsa ne yana ɗan shekara biyar ko shida aka kai shi. A da ma ko kuɗin shiga ba a biya wa yaro, babba ne zai ɗaga shi sama ya tsallakar da shi ƙarfen ƙofa, mai karɓar kuɗi ya kau da kai. A hutun rabin lokaci a saya masa ɗan burodi mai nama a ciki da romo mai zafi a kofi saboda sanyi. A nuna masa matakalar da kakansa ke tsayawa tun kafin a haifi babansa. Yaro bai san dokar satar gida ba, bai damu da wa ya ci ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfe uku na ranar Asabar lokacinsa ne shi da babansa, babu aiki, babu makaranta. Kafin ya yi wayon gane cewa ƙungiyar ba ta iya wasa ba, aikin gama ya gama. Ba maza kaɗai ba ne kuma, akwai gidajen da uwa ko kaka mace ce ke jan ragamar.

Akwai wani dalilin da ni ɗan Kaduna ba sai an yi mini dogon bayani a kansa ba. Gabar Celtic da Rangers ta samo asali ne daga addini da asali: Celtic ta fito daga cikin 'yan Katolika 'yan asalin Ireland, Rangers kuma aka san ta da 'yan Furotesta. An yi shekaru ana zubar da jini a kan wannan. Wasu iyayen da ba sa son 'ya'yansu su tashi da ƙiyayyar maƙwabci sukan kai su Partick Thistle, wata ƙaramar ƙungiya a cikin Glasgow ɗin, inda ba a tambayarka cocin da kake zuwa.

Abin da yaron ke gada kuwa, yawancinsa shan kashi ne. Ɗauki East Stirlingshire ta garin Falkirk. Shekara biyar a jere, daga 2003 zuwa 2007, ita ce ta ƙarshe a rukuni na ƙarshe, wato kurar baya a duk ƙasar. A kakar 2003-04 maki 8 ta haɗa a wasa 36. 'Yan wasanta fam 10 ake ba su a mako. Duk da haka akwai 'yan ɗaruruwan mutanen da ba su fasa zuwa ba, wasunsu har su bi ta wasan waje. Ko Brechin City, ta wani gari mai mutum kusan dubu bakwai, wadda shingen shuke-shuke ne ya tare gefe guda na filinta kamar gonar wani. A kakar 2017-18 ta buga wasa 36 a rukuni na biyu ba ta ci ko ɗaya ba, canjaras huɗu kawai ta yi. Ku yi tunanin a ce wannan ya faru da ƙungiyar ɗayanmu. Mu da in aka ci mu wasa biyu a jere muke kashe waya saboda tsokanar abokai.

Ga 'yan United irin yayana, wannan East Stirlingshire da ake yi wa dariya ita ce ta fara ba Alex Ferguson aikin koci a 1974, yana da shekara 32, a kan fam 40 a mako, kuma ya tarar ko mai tsaron gida ba ta da shi. 'Yan Liverpool kuma su sani Andy Robertson, bayan Celtic ta sallame shi yana yaro, a Queen's Park ya farfaɗo a rukuni na huɗu. Ita ce ƙungiya mafi tsufa a ƙasar, an kafa ta a 1867, kuma har zuwa 2019 ba ta biyan 'yan wasanta albashi. Da waɗancan 'yan ɗaruruwan sun gaji sun zauna a gida, da babu inda waɗannan mutane za su fara.

Wata ƙungiya da nake so saboda filinta ita ce Arbroath. Filin, mai suna Gayfield, a bakin teku yake, ta yadda in iska ta taso sai feshin ruwan gishiri ya riƙa sauka a kan 'yan kallo, mai tsaron gida ya buga ƙwallo iska ta dawo masa da ita. A 1885 sun ci wata ƙungiya mai suna Bon Accord 36 da nema, har yau kuma da wannan suke tinƙaho, shekara 140 bayan nan. Yawancin 'yan wasansu na da wata sana'ar da suke yi da rana, da yamma su zo atisaye. A 2022 saura ƙiris waɗannan masu aiki biyu su hau babban rukuni, suka ƙare a na biyu a bayan Kilmarnock.

Abokin zamana a ɗakin makaranta, ɗan Barcelona ne na gidi, ya gaji da jin waɗannan labarai. Wata rana ya ce da ni, "Malam, wai kai me ya haɗa ka da mutanen nan ne? Rayuwa da kanta wahala ce. Ga karatu, ga tsadar abinci, ga rashin wuta. Ɗan lokacin da mutum zai huta kuma sai ya je ya sayi baƙin ciki da kuɗinsa? Ni in na biya kuɗin gidan kallo, daɗi na je sha." Ban raina maganarsa ba, don akwai gaskiya a ciki. Ni ma daren da Madrid ta ɗauki kofi barci mai daɗi nake yi.

Sai dai na lura daɗin nan ba ya kwana biyu. Madrid ta ci Kofin Zakarun Turai sau 15, in ta shekara biyu ba ta ci ba sai mu fara cewa a kori koci. Kwatanta wannan da St Johnstone ta garin Perth. An kafa ta a 1884, ba ta taɓa ɗaga babban kofi ba sai a watan Mayun 2014, da ta ci Dundee United 2-0 a wasan ƙarshe na Kofin Sikotland. Shekara 130. Lissafa ka gani: wanda ya fara zuwa kallo ya mutu bai gani ba, ɗansa ya mutu bai gani ba, jikansa ma wataƙila haka. Tattaɓa-kunne ne ya tsaya a filin ranar. Shi ya sa in ka kalli hotunan irin waɗannan ranaku za ka ga ƙarti majiya ƙarfi suna sharɓar kuka. Wanda aka ci dominsa ba ya nan, shi ke sa su kuka. Ni ban taɓa yi wa Madrid irin wannan kukan ba, ba kuma zan iya ba, don babu kabarin da nake tunawa in ta ci.

Abin tausayi, a 2021 St Johnstone ta sake yin abin da ba a zata ba, ta haɗa kofuna biyu a kaka ɗaya, ta ci Livingston ɗin su Ambrose a wasan ƙarshe na farko, ta ci Hibernian a na biyu. Amma lokacin annobar korona ne, filin Hampden wayam yake. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna shan ruwan sama saboda wannan rana, a falo suka kalle ta a talabijin kamar ni da ke Kaduna. Bayan shekara huɗu ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, suka bi ta can.

Kusan kowace ƙaramar ƙungiya na da irin wannan rana guda da ake ba jikoki labarinta. Ta Partick Thistle ita ce 1971, da ta lallasa Celtic 4-1 a wasan ƙarshe. Ta Morton tun 1922 ce, da ta ci Rangers ɗaya mai ban haushi ta ɗauki Kofin Sikotland, babu wanda ya gani da idonsa da ke raye, amma kowane yaro a Cappielow ya san shekarar. Raith Rovers ta garin Kirkcaldy ta doke Celtic a bugun fenareti ta ɗauki kofi a 1994, shekarar da ta biyo baya ta je Jamus wasa da Bayern Munich, aka tafi hutun rabin lokaci Raith na gaba da ci ɗaya. A ƙarshe Bayern ta farke ta ƙara, amma hoton allon filin a wancan hutun yana rataye a gidajen garin har gobe. A Janairun 2023 kuma ƙungiyar wani ƙauye mai suna Darvel, daga rukuni na shida, ta fitar da Aberdeen daga gasar kofi. Aberdeen ɗin nan ita ce ta ci Real Madrid 2-1 a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983, abin da mu 'yan Madrid ba mu cika son a tayar ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da suke yi in ƙungiyar ta kama hanyar mutuwa. Yawancin garuruwan nan na ma'aikata ne. Greenock da ƙera jiragen ruwa da tace sukari aka san ta, Cowdenbeath da haƙar kwal. Masana'antun sun rufe, matasa sun watse neman aiki, abin da ya rage da sunan garin a jiki wanda ake ambata a rediyo duk mako shi ne ƙungiyar ƙwallo. Don haka in ta shiga matsala ba sa jiran gwamnati. A 2010 magoya bayan Stirling Albion suka yi karo-karo suka saye ƙungiyarsu ɗungurungum. A 2021 na Morton suka karɓi tasu, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk wata kamar adashe. Wato lokacin da Ambrose ya je can a 2022, a cikin masu gidansa har da wancan tsoho mai hular sanyi. Ni in Madrid ta ci bashi ko ta sayar da ɗan wasan da nake so, iyakacina in yi surutu a Facebook. Ba ta san da ni ba.

Sun kuma ga abin da kuɗin dare ɗaya ke yi. Gretna ƙungiyar wani ɗan gari ce a kan iyakar Ingila. Wani attajiri, Brooks Mileson, ya zuba mata dukiya, ta hau rukuni uku a shekara uku, ta je wasan ƙarshe na Kofin Sikotland a 2006, ta shiga babban rukuni a 2007. Da rashin lafiya ta kwantar da shi a 2008 kuɗi suka tsaya, kafin shekara ta ƙare ƙungiyar ta rushe. Zanen aro dai ba ya rufe katara. 'Yan kallon da nasara ta jawo suka watse, 'yan asalin suka zauna suka kafa sabuwa daga tushe, suka sa mata suna Gretna 2008, suka koma buga wasa da ƙauyuka.

Kada a ɗauka biyayyar tasu ta makauniya ce. Raith Rovers na da manyan masoya biyu da duniya ta sani. Ɗaya Gordon Brown, wanda ya yi Firaministan Birtaniya daga 2007 zuwa 2010, yana yaro yakan sayar da takardar jadawalin wasa a ƙofar filin. Ɗayar kuma marubuciya Val McDermid, wadda mahaifinta ya yi wa ƙungiyar aikin farautar 'yan wasa, har aka sa sunan gidansu a wani ɓangare na filin. A farkon 2022 shugabannin ƙungiyar suka sayo wani ɗan wasa da kotun farar hula ta taɓa samu da laifin fyaɗe. Matar nan, da ta shafe fiye da shekara sittin tana goyon bayansu kuma sunanta ne a gaban rigarsu, ta fito ta ce ta janye. Kyaftin ɗin ƙungiyar mata ta ajiye, wasu daraktoci da ma'aikata suka bi su. Cikin 'yan kwanaki shugabannin suka ba da haƙuri, ɗan wasan bai taɓa buga musu ko minti ɗaya ba. Na daɗe ina juya wannan labari. Wanda ya ɗauki abu a matsayin gadon ubansa shi ne ke iya cewa ba za a ɓata sunan gidan ba, ko da zai rasa abin da ya fi so ranar Asabar.

Wani dare a hutun ƙarshen zango ina nuna wa Baba bidiyon Cappielow, don ya ga inda Ambrose ya ƙare. Ya karɓi wayar ya ƙura wa 'yan kallon ido, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Haka Malam yake kai ni." Malam shi ne mahaifinsa, kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ashe ranar wasa yakan ɗora Baba a kan ƙarfen kekensa su tafi kallon Bees, tun ana kiranta DIC Bees kafin ta koma Ranchers Bees. Baba ya ba ni labarin 1988 da ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna ta sha kashi a hannun wata ƙungiyar Tunisiya, da 1989 da ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma, da yadda suka ga Daniel Amokachi yana ɗan saurayi kafin Turawa su san shi. Ya tuna mai gyaɗar da suke saya a wajenta a bakin ƙofa. Ya tuna ranar da tayar keken ta yi faci suka dawo a ƙasa, Malam na turawa yana ta mitar alƙalin wasa har gida. Shekarata ashirin a gidan nan, ban taɓa jin Baba ya yi maganar Arsenal da irin wannan murya ba.

Na ce, "Baba, to mu me ya sa ba ku taɓa kai mu ba?"

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Me zan kai ku ku gani? Masaƙa ta rufe, Malam ya rasu, ƙungiya ta lalace. Ga dish ya zo."

Ban ja da shi ba, ba a haka da uba. Kuma na san yanayinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, ba na unguwa ba, tashinsu da faɗuwarsu na bin wanda ke kan mulki. Uba kan yi tunani sau biyu kafin ya kai ƙaramin yaro filin da ake iya jifa in wasa ya ɓaci. Ban manta da Kano Pillars ba, wadda magoya bayanta ke cika filin Sani Abacha maƙil, a cikinsu akwai waɗanda iyayensu ne suka fara kai su. Amma a zuciyata na ce, shi ma kakan nan na Brechin ai ba shi da abin da zai nuna wa jikansa a waccan kakar da ba su ci wasa ko ɗaya ba. Nasu kamfanonin ma sun rufe, tasu talabijin ɗin ta fi tamu tashoshi. Ya dai kama hannun yaron sun tafi. Abin da Baba ya riƙe shekara arba'in ba sakamakon wasa ba ne, don da na tambaye shi nawa aka tashi ranar da tayar ta yi faci, ya ce wallahi ya manta.

Ban bar Madrid ba, ban kuma ce wani ya bar tasa ba. Ba zan yi ƙaryar cewa ni ɗan Morton ne ba, don ban taɓa jin sanyin Cappielow a ƙashina ba, kuma babu kakana a matakalarsa. Ina dai duba sakamakonsu duk Asabar da magariba, ko bayan da Ambrose ya bar su, kamar yadda mutum ke tambayar lafiyar maƙwabcin da suka taɓa gaisawa.

Ba kowace ƙungiya ake iya cetowa ba. Akwai wata a kudancin Glasgow mai suna Third Lanark, an kafa ta a 1872, ta zama zakaran ƙasar a 1904, rashin iya shugabanci da bashi suka kashe ta a 1967. Filinta, Cathkin Park, ya koma wurin shaƙatawa na jama'a. Matakalan da 'yan kallo ke tsayawa suna nan a ɓangarori uku, bishiyoyi sun tsiro a tsakaninsu, ƙarafan da ake jingina a kai ba a cire ba. Akwai masu zuwa sa-kai lokaci-lokaci su share ganye, su cire ciyawa, su sake shafa wa ƙarafan jan fenti, launin rigar ƙungiyar. Wasunsu an haife su ne bayan ta buga wasanta na ƙarshe.